Na bar tuwo don in ƙara gudu, sai ga gudun ya ragu

Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne a Zariya, shekaruna 27, nauyina kilo 62. Shekara biyu ke nan ina fita gudu bayan sallar asuba, kuma burina in shiga gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu mai zuwa. Da can ina cinye kilomita 10 a minti 44. Wani abokina tun na firamare, wanda yanzu yake sayar da kayan ƙarin kuzari na 'yan motsa jiki, ya ce min tuwo da shinkafa ne suke danne ni, manyan 'yan gudu na Turai kitse suke ƙonawa. Ya sayar min da kwalbar wani mai da ake kira MCT da kafson man kifi. Ya ce in riƙa zuba cokali uku na man a kofi, in haɗa da man shanu kafin in fita, in kuma bar tuwo da burodi da duk wani abu mai zaƙi. Na kashe naira 45,000, kuma a kuɗin lefen da nake tarawa na ciro.

Yau sati huɗu. Sau uku cikina yana murɗawa a tsakiyar hanya har sai na nemi inda zan tsuguna. Kilomita 10 ɗin yanzu minti 49 take ci min, in na zo hawa kuwa sai in ji kamar an ɗaura wa ƙafafuna bulo. Umma ta yi fushi, ta ce tunda na raina tuwonta ta daina sa sanwa da ni. Abokina ya ce in yi haƙuri, jikina ne yake sabawa, in ƙara kwalba ɗaya. Ina jin nauyinsa, don ya taɓa yi min rana. In ci gaba ko in bari? Kuma man nan yana da wani amfani kuwa?

Wani tela daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana.

Ka bari. Na faɗa maka tun daga farko don kada ka karanta dogon bayanina zuciyarka tana rawa. Kada ka sayi kwalba ta biyu, wadda ke hannunka ma ka daina shanta kafin gudu, yau da daddare kuma ka wanke hannu ka zauna gaban tuwon Umma. Amma tunda har kuɗin lefe ka taɓa, ya kamata ka san dalili, don gobe in wani ya zo maka da wata kwalbar mai sabon suna ka iya auna ta da kanka.

Abokinka bai yi ƙarya a komai ba, shi ya sa maganarsa ta shige ka. Jikin mai gudu da abu biyu yake aiki, sitaci da kitse. Sitacin da ka ci a tuwo, shinkafa, doya, dankali ko burodi, jiki yana mayar da shi sukari, ya ajiye wani sashe a tsoka da hanta. Wannan ajiyar ake kira gilaikojin, kuma ba ta da yawa. A jikin mutum kamarka, ko ya ƙoshi, giram 400 zuwa 500 ce, wato kalori 2,000 ko ƙasa da haka (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bayarwa). Gudu kuwa yana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita. Kai mai kilo 62, kilomita 42 da ɗoriya na gudun fanfalaki za su ci maka wajen kalori 2,600. Ka ga ajiyar ba ta kai ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya taho da ƙarfinsa, yana kaiwa kilomita 30 ko 35 sai ya koma kamar an zare masa laka, yana jan ƙafa yana kallon ƙasa.

Kitse kuwa ba a magana. Giram ɗayansa kalori 9 ne, na sitaci 4. Ko kai siriri ne kamar sillen kara, a ce kashi 10 cikin 100 na jikinka ne kitse, kana ɗauke da kilo 6, kusan kalori 50,000. A lissafin takarda wannan ya isa ka tashi daga Zariya ka doshi Legas da ƙafa, ka kusa isa ba ka sa komai a baki ba. Duk wanda ya ji haka zai ce, to me ya hana a koya wa jiki ƙona kitse a huta? Tunani ne mai kyau, kuma masana sun fi shekara 40 suna bin bayansa. Sai dai ka tambayi kanka: mutumin da yake da kalori 50,000 a jikinsa, me cokali uku na mai za su ƙara masa? Kalori 350 ne, in sun yi yawa.

Ka ɗauka gida ne mai rumbu cike da dammunan gero, ga kuma ɗan gari a ƙwarya. Sai baƙi suka sauka da yunwa. Garin nan take za a tuƙa shi. Na rumbu kuwa sai an sauko da dami, an sussuke, an sheƙe, an surfa, an daka. Ba hatsi ne ya yi wa gidan kaɗan ba, turmi da masu daka ne. Maigidan da ya ga haka ya ruga kasuwa ya sayo ƙarin dami ya jibge a tsakar gida bai ciyar da baƙo ko ɗaya ba, hanya ma ya tare wa masu aiki. Garin ƙwarya shi ne gilaikojin, rumbu shi ne kitsen jikinka, kwalbar abokinka ita ce damin kasuwa. Turamen kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakunan ƙona abinci ne a cikin tsoka, masana suna kiransu mitokondiriya. Abin da yake ƙara yawansu, ya kuma ƙara ƙananan jijiyoyin jinin da ke kai musu iska, shi ne dogon gudu a hankali, mako bayan mako, wata bayan wata. Ba a sayar da turmi a kwalba.

Akwai kuma maganar iska, kuma ita ce ta fassara maka abin da kake ji a hawa. Kafin kitse ya ba da ƙarfi daidai da na sitaci, sai ya ci iskar oksijin fiye da shi. In kana tafiya ko sassarfa, iska a yalwace take, babu damuwa. Amma da zarar ka ɗaga ƙafa, ko ka fuskanci tudu, huhu da zuciya sun kai iyakar abin da za su iya kawowa, jiki sai ya koma kan abin da ya fi arhar iska, wato sitaci. Kai kuwa ka yi sati huɗu kana hana shi. Bulon da kake ji a ƙafa ke nan.

Shi wannan MCT ɗin ba wani abin aljanna ba ne. Daga man kwakwar Attagara da man ƙwallon kwakwar manja ake tace shi, wato ɗan'uwan alayyadin da kakanninmu suke shafa wa yara ne, an wanke shi an sa masa riga. Bambancinsa da man gyaɗa ko man shanu na gaskiya ne. Su waɗannan suna daɗewa a tumbi, sai ruwan matsarmama ya farfasa su, su bi wata doguwar hanya, sai bayan awa uku ko huɗu su cika jini. MCT ƙwayoyinsa gajeru ne, daga hanji yake wucewa hanta kai tsaye, ya ƙone da wuri. A asibiti yana da amfani ga masu cutar da ke hana hanji tsotse kitse. Wannan saurin ne ya sa a shekarun 1990 masu bincike suka sa masa rai, suka ce wataƙila an samu man da zai taimaki ɗan tsere yana kan hanya, ya rage masa cin garin ƙwarya.

An gwada, ba sau ɗaya ba. Wani masani, Asker Jeukendrup, ya yi ta gwada shi a kan 'yan tseren keke a jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan. Ya tarar abin da cikin mutum yake ɗauka lafiya bai wuce wajen giram 30 ba, kuma wannan ɗin kashi 3 zuwa 7 cikin 100 kawai yake bayarwa na ƙarfin da ake ƙonawa, bai kuma hana gilaikojin ƙarewa ba. A 1998 ya ɗaga shi zuwa giram 85. Cikin 'yan keken ya ɗauki murɗa, waɗanda aka haɗa musu da sukari ba su fi masu shan ruwan sukari zalla ba, waɗanda suka sha man shi kaɗai kuwa baya suka ci. Don in yi adalci, akwai wani gwaji a jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu a 1996, a kan mutum shida, da ya nuna an ɗan ƙara sauri in an gauraya man da sukari. Irin wannan ne masu talla suke son ambata. Abin da ba sa ƙarawa shi ne, a jami'ar nan dai aka sake gwadawa daga baya ba a ga wannan ribar ba.

Yanzu ka auna naka. Babban cokali ɗaya wajen giram 14 ne, uku sun haura 40. Ka ɗora man shanu, ka zuba a kofi, wanda shi kansa yana motsa hanji, ka kwankwaɗa a ciki wayam, sannan ka fita kana jijjiga shi a daidai lokacin da jiki ya janye jini daga hanji ya tura ƙafafu. Ni abin da ya ba ni mamaki, sau uku kawai ka tsuguna.

Ba dariya nake maka ba, don ni ma na sha tawa. Ina kwalejin horon malamai aka sa ni cikin masu gudun ƙetare daji. Ranar gasa na ce bari in ci abu mai riƙe ciki, na sami masa mai zafi da man shanu na cika tumbi. Ban kai rabin hanya ba na bar layi na shige gonar dawar wani bawan Allah. Da na fito har masu tsayawa a mararraba suna nuna hanya sun tattara sun tafi. Sunan da abokai suka laƙaba min daga ranar ba zan rubuta shi a nan ba.

Sai maganar sabawa, wadda ita ce igiyar da aka ɗaure ka da ita. Asalinta wani gwaji ne da aka buga a Amurka a 1983, inda aka hana 'yan keke biyar sitaci na sati huɗu, aka ga a matsakaicin lissafi juriyarsu a tafiyar tsaka-tsaki ba ta ragu ba. Mutum biyar, kuma a cikinsu wani ya ƙaru sosai wasu suka faɗi sosai. Amsa mai ƙarfi ta zo a 2017, daga Farfesa Louise Burke ta cibiyar wasanni ta Ostireliya da ke Canberra. Ta tara gwanayen tseren tafiya da sauri, irin masu zuwa gasar Olamfik, ta raba su. Wasu aka bar su da abincinsu mai sitaci, wasu aka mayar da su kan kitse, sitacinsu bai kai giram 50 a rana ba, aka yi sati uku ana horo mai tsanani tare. 'Yan kitse sun saba ɗin kuwa, jikinsu ya koyi ƙona kitse ƙwarai da gaske, kusan giram ɗaya da rabi a minti. Amma da aka sake tseren kilomita 10, masu cin sitaci sun rage lokacinsu da kashi 5 zuwa 7 cikin 100, 'yan kitse ba su ƙaru da komai ba duk wahalar da suka sha, don kowane taku nasu ya koma cin iska fiye da da. Magoya bayan kitse suka yi ca, ta sake gwajin, aka buga a 2020, sakamako bai sauya ba. Wani abin takaici ma, jikin da ya saba da kitse yakan rage iya ƙona sitaci, ko da ka ɗura masa shi ana gobe tsere.

Wato abokinka ya yi gaskiya, jiki yana sabawa. Sabawa da tafiyar hawainiya. Tun 1967 wasu likitoci a Suwidin, su Bergström da Hultman, suka riƙa tsakuro tsoka da allura suna auna gilaikojin, suka nuna mutumin da ya yi kwanaki yana cin kitse da nama ya gaji a kan keke cikin kusan awa ɗaya, shi ɗin dai da ya ci sitaci ya ƙoshi ya kusa yin awa uku.

Ya ce maka manyan 'yan gudu na Turai. Ka tambaye shi, su wa suke cinye gudun Landan da na Balin, su wa kuma suke kwashe kyautar Legas tun da aka fara a 2016? Mutanen Kenya da Habasha ne. A 2004 aka buga wani bincike da aka bi gwanayen Kenya har sansaninsu aka auna duk abin da suke ci. Kusan kashi 76 cikin 100 na ƙarfin abincinsu sitaci ne, kitse wajen kashi 13. Babban abincinsu ugali, wanda in an ajiye maka shi ba za ka ce komai ba sai tuwon masara, sai wake, kabeji, shinkafa, dankali, burodi, da shayi mai madara da sukari kamar ba gobe. Habashawa kuma injera, wata faffaɗar waina mai tsami ta garin hatsinsu. Ranar da gwanin gudun Kenya Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a Oktoban 2019, gorunan da masu keke suke miƙa masa ruwan sitaci ne. Kai kana da mai tuƙa maka irin abincinsu kullum kyauta, ka ɓata mata rai, ka je ka biya 45,000.

Ba na ce kitse ba shi da ranarsa ba. Mai tafiyar yini guda a hankali, kamar makiyayi a bayan shanu, kitsen jikinsa ne yake ɗauke da rabin aikin ko fiye. Amma ko Buzaye masu ayarin gishiri, da suke ratsa hamada daga yankin Agadas zuwa Bilma da ƙafa, guzurinsu dakakken gero ne da cuku da dabino, a dama da ruwa a sha. Mutanen da suka fi kowa sanin doguwar tafiya ba su bar gero a gida ba.

Kafson man kifi ba zan yi faɗa da shi ba. Man da ke cikinsa, wanda ake kira omega 3, jiki yana bukatarsa, wasu gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sassauta bugun zuciya lokacin atisaye ko ya rage tsamin jiki. Rage minti a tsere ne ba a tabbatar ba. In kwanan watansa bai wuce ba, kuma in ka fasa ɗaya ba ka ji warin ruɓa ba, ka ƙarasa shi tare da abinci. In ya ƙare, kifin gwangwani ko taitus sau biyu a mako ya biya maka.

A 2018 aka buga rahoton masanan da kwamitin Olamfik na duniya ya tara suka tace kayan ƙarin kuzarin nan. Waɗanda suka ce akwai hujja mai ƙarfi a kansu biyar ne kacal, kuma babu mai ko ɗaya a ciki. Wanda ya fi shafar ka a cikinsu shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro. Saboda haka kofinka ba laifi, in cikinka yana ɗauka, ka sha shi ba mai. Sannan ka san wannan, tunda gasa kake nufi: wani ɗakin bincike a Kolon ta Jamus ya taɓa sayo irin kayan nan guda 634 daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da haramtattun sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. A dokar wasanni, abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ba a jin "ban sani ba". Duk kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC kada ma ka buɗe ta.

To yaya za a gyara? Kwana uku na farko ka ci abinci kawai, ka yi gudu maras nauyi ko ka huta. Za ka ga sikeli ya ƙaru da kilo ɗaya ko biyu cikin 'yan kwanaki. Kada ka firgita, kada kuma ka bari a ce maka "ka gani, tuwo ya fara". Ba ƙiba ba ce. Kowane giram na gilaikojin yana riƙe da wajen giram uku na ruwa, ƙwaryarka ce take cika. In gudawar ta rage maka ƙarfi, ka haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ka daina man amma cikin bai daidaita ba bayan mako guda, ko ka ga jini, ko zazzaɓi, to ba man ba ne kaɗai, ka je asibiti. In ka je ka roƙa a duba maka yawan jini da tsutsar ciki, don ƙarancin jini yana kashe wa mai gudu ƙafa ba tare da ya sani ba.

Kada kuma ka tsallaka ɗaya gefen ka ce ka daina mai gaba ɗaya. Jiki yana bukatarsa don tsotse bitamin A da D da E da K. Masana abincin 'yan wasa suna cewa ya zama kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na ƙarfin abinci, kuma manja da man gyaɗar miya, da riɗi, da ƙwai, da ɗan man shanun da ake ɗiga wa tuwo sun kai ka nan ba tare da lissafi ba. Lokaci kawai za ka kiyaye. Ƙosai, masa, soyayyar doya da tsire, bayan gudu ne. Tunda da asuba kake fita, tuwon dare shi ne babban guzurinka. In doguwa ce ranar, kana tashi ka ci ayaba ɗaya ko burodi da zuma, ko ka sha ɗan koko mai sukari kafin ka tafi masallaci.

Ƙona kitsen da kake nema kuwa, ga hanyarsa kyauta. Sau ɗaya a mako ka yi dogon gudu a hankali, irin wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba ka haki. Ka riƙa ƙara masa tsawo kaɗan-kaɗan har ya kai kilomita 28 zuwa 32 makonni kaɗan kafin gasa. Yawancin matasanmu a nan suke kuskure, kowace fita sai sun mayar da ita tsere, suna jin kunyar a gan su suna sassarfa. In kana so, rana ɗaya a mako ka fita ba ka ci komai ba, gudu mai sauƙi da bai kai awa ba. Ranar gudun sauri da ranar hawa kuwa ka fita da ƙoshinka.

Duk gudun da zai wuce awa ɗaya da rabi, ka ci wani abu a hanya, giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Ƙananan dabino shida wajen giram 30 ne, ayaba matsakaiciya wajen 25, babban cokalin zuma wajen 17. Busasshen dabino yana da wuyar tauna kana haki, ka jiƙa shi tun dare ka cire ƙwallon, ka ƙulla a leda. Ka fara gwadawa tun yanzu, don shi ma hanji horo yake so, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin gasa ka rage gudu ka ƙara sitaci sosai, gwanaye suna kaiwa giram 10 a kan kowane kilo, wato wajen 600 a rana gare ka, ka kuma rage wake da ganye da yaji. Ka tuna da cewa kai a sanyin hunturun Zariya za ka yi horo, Legas kuwa zafi ne da gumi mai danƙo tun da safe, kuma zafi yana sa gilaikojin saurin ƙarewa. Ka fara a hankali fiye da yadda zuciyarka take so, kada ka wuce teburin ruwa.

Abokinka. Ban ɗauke shi macuci ba, mai yiwuwa shi ma abin da aka faɗa masa a bidiyo yake maimaitawa, kuma ya yarda da shi. Saboda haka ba sai ka je da wa'azi ba, kada ma ka kai masa sunayen Turawan da na lissafa. Ka same shi ku biyu, ka ce, "Wallahi na gwada sati huɗu kamar yadda ka ce, daga 44 na koma 49, cikina kuma ya ƙi. Bai karɓe ni ba, na haƙura." Magana ta ƙare. Babu mai musu da cikin wani. In ya matsa, ka maimaita ta yadda take, kada ka ƙara dalili, don kowane dalili ƙofa ce ta sabon ciniki. Ranar da ya yi maka kuwa bashi ce ta gaske, amma ba da hanjinka za ka biya ba. Kai tela ne. Ka ɗinka masa kaftani mai kyau na Sallah, ka ƙi karɓar kuɗin ɗinki.

Ragowar man kada ka zubar, kada kuma ka sayar wa wani ɗan gudun. Ƙaramin cokali a cikin abinci ba zai cuce ka ba, sai dai kada a soya da shi, ba ya jure wuta. Ni da nawa ne, ajiye shi zan yi hunturu ya zo in riƙa shafa wa dunduniya saboda faso.

Umma kuwa ba tuwon ne ya dame ta ba. Uwa tana kallon ɗanta yana ramewa, yana shan mai da cokali, yana dawowa daga gudu fuska a yamutse, kuma ya fifita maganar aboki a kan tukunyarta. Ka je ka durƙusa ka ce ka yi kuskure, ta yafe maka. Kada ka aiki ƙanwarka. Ka faɗa mata akwai ranar da za ka riƙa yin doguwar tafiya, kana so daren ranar a ƙara maka malmala ɗaya. Za ta yi mita, amma za ka tarar da ita a kwano.

Kuɗin lefe ka rubuta su a littafin awonka a matsayin bashin da ake binka, naira 45,000, ka riƙa cire wani abu daga ɗinkin kowane mako har su cika. Ba sai ka yi shela ba, amma in wadda take riƙe maka lissafin lefen ta tambaya, kada ka yi mata ƙarya. In wani kuɗi ya ragu da kake son kashe wa gudu, takalmi ne, ka saye shi da sauran wata biyu ko fiye don ƙafarka ta san shi.

Bayan sati uku da komawa tuwo, ka bi hanyar nan taka ta kilomita 10, a lokacin da ka saba, har da hawan da yake ba ka wuya. Ka rubuto min minti nawa ka yi.

Kawu